Jan Layin Jirgin Alhaji Shu'aibu

Ɗangana bai gaji rubutu ba. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, a wani tsibiri da yanzu ruwan Kainji yake kwance a kansa. Yana yaro aka kwaso su zuwa sabon matsuguni a kan tudu, aka sa shi firamare saboda ƙirjinsa ba ya son sanyin ruwa. Ƙanensa Zaidu shi ne ruwa ya karɓa. Tun bai kai ko'ina ba yake bin jiragen fito, har ya zama direban da ake nema. Shi kuwa Ɗangana ya koyi buga tafireta a Yelwa, ya kafa tebur a gindin wani mangwaro kusa da kwata, inda jirage ke lodi da sauke kaya.

Da aka yanki Jihar Kebbi aiki ya buɗe masa, don kowa yana son takardar neman aiki a Birnin Kebbi. A wannan lokacin ne ya fara abin da aka san shi da shi. Yau labarin kwata a waya ake karanta shi, amma a lokacin allo ne. Duk jajibirin kasuwa Ɗangana zai buga shafi biyu ya manna a wani falanki kusa da teburin Kabiru mai shayi: yadda ruwa ya ja, inda kifi ya yi araha, wanda aka yi wa haihuwa, wanda jakinsa ya ɓata. Kabiru yana da murya, kuma yana son a ji ta. Shi yake karanta wa waɗanda ba su yi boko ba, yana zuba shayi yana ƙara gishiri. Ana kiran abin Allon Kwata.

A bazarar shekara ta biyu ruwa ya ja sosai. Itatuwan da tafkin ya haɗiye tun da aka datse kogi suna nan tsaye a ƙarƙashinsa, kuma idan ruwa ya yi ƙasa kututturansu kan matso kusa da cikin jirgi. Saboda haka ne ƙungiyar masu jirage ta sa kowane jirgin fito ya ja layi da jan fenti a gefensa. Idan ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare. Kowa ya san da dokar, ba mai kallon layin.

Zaidu yana tuƙa ɗaya daga jirage biyu na Alhaji Shu'aibu. Ran nan ya tashi zuwa Wara da gero da gishiri da mutane. Bai yi nisa ba jirgin ya hau kututture ya tsage. Zaidu ya yi ta tura jarkoki ga masu nitsewa, ya fid da waɗanda ya iya. Mata biyu suka rasu, shi ma bai fito ba.

A zaman makoki, a ƙofar gidan Inna mahaifiyarsu, Alhaji Shu'aibu ya zo da babbar riga da carbi. Ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya sassauta murya, yadda na nesa ma za su kasa kunne, ya ce shi ya yafe wa yaron. Ya ce ya sha yi masa faɗa kan ƙara lodi a bayan idonsa don ya sami na aljihu, amma yaran zamani ba sa ji. Kafin a yi sadakar uku magana ta gama gari. Dangin matan da suka rasu suka daina gaida Inna. Aka fara nuna 'yar Zaidu da baki a hanyar rijiya.

Ramatu, matar Zaidu, ita ta san abin da ya faru, don ta kai masa abinci a bakin jirgi ranar. Ta ji shi a wajen inji yana cewa, “Alhaji, layi ya nutse, a rage buhuna.” Ta ji Alhaji ya ce masa ko ya tashi ko ya sauka ya ba wani. Amma su uku ne kaɗai a wurin, kuma shaidar mace a kan mijinta da ya mutu ba ta da nauyi a kwata.

Ɗangana ya zauna gaban tafireta. Abin da ya buga ran nan har yau akwai tsofaffin da suka haddace shi. Ya kira Alhaji azzalumi, ya kira shi kura mai rawani, ya ce cikinsa ya fi jirginsa lodi, ya ce mai cin naman matattu ne a gidan makokinsu. Kabiru bai taɓa samun karatu mai daɗi irin wannan ba. Ya hau benci ya karanta, ya maimaita, 'yan dako suna ihu suna tafawa. Kafin la'asar aka aiko kiran Ɗangana gaban Sarkin Jirage.

Kwata tana da al'adarta. Wuri ne na mutane masu riƙe da filafilin tuƙa jirgi da wuƙa da mashin kifi, don haka tun da daɗewa dattawa suka yanke cewa wanda ya fara zagi ya ci haƙƙinsa da bakinsa. Ko shi aka zalunta, zai cire hula da takalmi, ya tsuguna gaban wanda ya zaga ya nemi gafara. Kuma maganarsa ta mutu ke nan, ba a sake jin ta, sai fa in abokin rigimar ne da kansa ya tayar da ita.

Sarkin Jirage, Malam Isa, tsoho ne da ya yi sana'ar su tare da uban Ɗangana. Bai ko tambayi batun lodi ba.

“Kai ka rubuta wanga?”

“Ni ne, Baba. Amma Zaidu...”

“Ban tambaye ka Zaidu ba. Ka san dokar wurin ga. Da ka zo mini da bakinka wanke, da na kira shi na titsiye shi. Yanzu ka ɗaure mini hannu. Cire hula.”

Ɗangana ya cire. Ya tsuguna a kan yashi mai zafi, gaban takalman mutumin da ya tura ƙanensa cikin ruwa, ya ce a yafe masa. Alhaji Shu'aibu ya dafa masa kai kamar yaro.

“Ba komi, ɗana. Zafin rashi ne. Allah shi ba mu haƙuri baki ɗai.”

Wannan hannun da aka ɗora masa a ka, Ɗangana ya ce ya yi shekara yana jin nauyinsa.

Allon Kwata ya zauna wayam har damina ta wuce. Ɗangana bai daina rubutu ba, mannawa ce ya daina. Da hantsi yakan je gidan Inna, inda Ramatu, bayan ta fita takaba, ta koma bandar kifi a bayan gida. Nan yake karanta musu abin da ya buga.

Na farko kuka ne. Ya kawo yarintar Zaidu, da yadda yake tsallake kowa ya fara gaida Inna, da yadda ya mutu yana ceton mutane. Inna ta rufe fuska da mayafi. Ramatu ta bari ya gama.

“Yaya, ya yi kyau. Za su ji, su ce Allah shi jiƙan rai, su share hawaye, su ɗauki kayansu su shiga jirginai. Shi ma Alhajin sai ya fi kowa cewa amin.”

Na biyu habaici ne. Labarin wata dorina mai babbar riga da ta kifar da jirgi, sannan ta fito tudu tana yi wa mutane ta'aziyya. Ba suna ko ɗaya a ciki. Ramatu ta yi dariya har ta saki wuƙa, sai kuma ta tsaya cak.

“Ka gani? Ni da kaina na yi dariya. In kwata ta yi dariya ta huce ke nan. Kuma Baba Isa ba yaro ba ne, ya san habaici ƙanen zagi ne. Kana son ka sake cire hula?”

Inna, wadda ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ta ce, “Kai wanga, ka bar ma Allah.”

“Na bar mai, Inna. Amma ni ma ya ba ni hannu.” Ya juya ga Ramatu a fusace. “Zagi bai yi ba, kuka bai yi ba, dariya ba ta yi ba. To da wace murya kike so in yi magana?”

“Ni na sani? Kai ka yi boko.” Ta janye wani icce da ya kama da wuta sosai daga ƙarƙashin ragar kifi, ta yayyafa masa ruwa, hayaƙi ya tashi. “Matsa, kada ka sa in ƙona kayan mutane.”

Ya koma gindin mangwaro bai buga komai ba. Ya zauna yana kallon kwata kamar baƙo. Jirgin Alhaji na biyu yana lodi, da sabon direba. Buhu yana bin buhu, aka hau da babur, aka hau da awaki. Ɗangana ya nemi jan layi a gefen jirgin, bai gan shi ba, yana can cikin ruwa. Mutane suna ta shiga, suna miƙa wa juna jarirai. Sai ya ga ashe ba ya bukatar ya ce da kowa komai game da halin Alhaji. Abin da ya kashe Zaidu yana nan a fili, kullum, da rana tsaka.

A jajibirin kasuwa allo ya dawo. A ƙasan labarin farashin kifi akwai sabon sashe, Tashin Jirage. Aka rubuta: “Jirgin Malam Bello ya tashi zuwa Shanga da hantsi. Jan layi yana sama da ruwa. Ya sauka lafiya. Jirgin Alhaji Shu'aibu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tashi zuwa Wara. Ruwa ya rufe jan layi. Ya sauka lafiya.”

Kabiru ya karanta ya juya takardar yana neman saura.

“Shi ke nan? Haba Malam Ɗangana, wanga miya ce ba gishiri. Ina zan sa murya? Ko sun zare maka haƙora ran nan?”

“Karanta yadda yake. In ka ƙara ko tari ne, na kai allona wurin mai kunu.”

Mako ya bi mako, sashen bai canja murya ba. Sunan jirgi, inda ya nufa, inda layi yake, ya sauka lafiya. Duk sanda Ɗangana ya zo kan “Allah ya ƙara masa lafiya” yakan buga haruffan a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da gaske yake yin addu'ar. Yana son Alhaji ya daɗe, idonsa biyu, kunnensa garau, ya ga abin da zai same shi.

Akwai makon da kaya suka yi ƙaranci, jirgin Alhaji ya tashi layinsa a sama. Ɗangana ya daɗe yana kallon takarda. Ba wanda zai kama shi in ya tsallake. Ya buga: “Jan layi yana sama da ruwa.” Ya ce wannan jimlar ta fi tsugunon da ya yi ɗaci. Amma daga ranar ko yaran Alhaji ba su iya cewa allo ƙarya yake yi.

Dudu ce ta fara. Wata dattijuwa ce mai fataucin daddawa da barkono zuwa Wara, mai bakin da ba a tare shi. Ta zo shiga jirgi, ta ɗora ƙafa ɗaya, sai ta leƙa gefe.

“Kai direba, ina jan abin nan da Kabiru ke faɗi?”

“Yana nan, Inna, shigo.”

“Yana nan ina? Ni ban iya ruwa ba, kuma ban gama aurar da ɗiyana ba. Sauko mini da kwandona.”

Mata huɗu ko biyar suka bi ta. Daga nan ya zama abin yi. Mutum zai zo da kayansa, ya sunkuya ya leƙa gefen jirgi kafin ya yi sallama. Sauran masu jirage suka yi gunaguni, sannan suka rage lodi, don ba mai son a ji sunansa a bakin Kabiru. Alhaji Shu'aibu shi kaɗai ya ga abin raini ne, a ce mai tafireta ne zai gaya masa yawan buhun da jirginsa zai ɗauka.

Sai ya sa aka ja jirgin gefe, wai gyara. Ya dawo fes da shuɗin fenti da sabon jan layi mai sheƙi. Aka yi masa lodi kamar da, layi yana sama da ruwa. Alhaji ya tsaya a kwata yana amsa barka.

Ɗangana ɗan masunta ne, ko da ƙirjinsa ya hana shi su. Ya san jirgi ba ya rage nutso don an shafa masa fenti. Da jirgin ya dawo aka sauke kaya, ya naɗe wando ya shiga ruwa a gaban kowa, ya shafa gefen katakon. A ƙarƙashin shuɗin ya ji tudun tsohon layi. Ya buɗe hannu ya auna tsakaninsu.

Ya fara bugawa da “Muna taya Alhaji murnar sabon fenti.” Ya karanta, ya ji daɗinta a bakinsa, kuma daɗin ne ya sa ya gane dorinar nan ce ta dawo ta ƙofar baya. Ya zare takardar ya sa wata. “An yi wa jirgin Alhaji Shu'aibu, Allah ya ƙara masa lafiya, sabon fenti. Sabon jan layi yana sama da tsohon da taƙi guda. Tsohon yana ƙarƙashin shuɗi, ana jin sa da yatsa.”

Kabiru ya karanta bai ƙara ko tari ba. Ba wanda ya yi dariya. Kafin azahar mutane sun yi layi cikin ruwa har gwiwa, kowa yana shafa jirgin Alhaji. Dudu ta shafa, ta ɗaga yatsanta sama tana salati.

Alhaji Shu'aibu da kansa ya kai ƙara. Da ɗan aike ya zo, Ɗangana ya rufe tafireta da ƙyalle, ya gyara hularsa. Tun ranar da ya tsuguna yake jiran wannan kiran, don maganar da ta mutu, mai ita ya tashe ta.

Rumfar Sarkin Jirage ta cika har waje. Ramatu tana can baya cikin mata. Malam Isa ya sa Kabiru ya karanta sashen tun daga makon farko. Karatun ya yi tsawo, ba daɗi, kamar ana kiran sunaye a asibiti.

“To, Alhaji,” in ji Malam Isa, “wace kalma ce zagin?”

“Dukkansu! Yaron ga ya kashe mini sana'a!”

“Nuna mini guda. In ka nuna, yanzu shi cire hula.”

“Wanga ‘Allah shi ƙara mai lahiya’ da yake ta yi, kai ba ka ji abin da ke cikinta ba?”

“Addu'a na ji. Ko ba ka so?” Aka yi 'yar dariya, tsohon ya ɗaga hannu. “Akwai ƙarya ciki?”

Alhaji ya yi ta huci. Ɗangana ya ɗan rusuna, ya yi magana da muryar da yake rubutu da ita.

“Baba, in na yi kuskuren awo, jirgi yana kusa. Mu tahi da Alhaji a auna. In bai kai taƙi ba, sai in gyara a allo, in ba shi haƙuri.”

Ladabin ne ya ƙarasa shi. Alhaji Shu'aibu ya miƙe, rigarsa tana kaɗawa.

“Kai wa za ka auna ma jirgi, ɗan banza, tsinanne, mai ƙirjin kaza! Duk gidanku matsorata ne! Ƙanenka ma haka ya tsaya mini ranar yana kukan layi ya nutse, layi ya nutse, awa mace!”

Rumfa ta yi tsit. Can baya aka ji Ramatu ta ce, “Alhamdu lillahi,” ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

Malam Isa ya juya ga Alhaji. Sannan ya ce, “Ashe yaron ya ce a rage. A gidan makoki ba haka ka gaya muna ba.” Ya nuna yashin da ke gaban Ɗangana. “Wancan zance ƙungiya za ta zauna kanshi. Na yanzu dai, ka san dokar wurin ga. Cire hula.”

Alhaji mutum ne mai jiki, tsuguno ya yi masa wuya. Sai da ya dafa ƙasa. Ɗangana ya tsaya yana kallon tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare. Hannunsa ya ɗan motsa, ya mayar da shi aljihu. Ya bar shi a tsugune har shirun ya fara damun mutane.

“Zagin na yahe, Alhaji,” ya ce. Bai ƙara komai a kai ba.

Ƙungiya ta hana jirgin lodi sai an mayar da layi wurinsa. Aka mayar, amma ba mai shiga. Direban ya koma wurin Malam Bello. Dangin matan nan biyu suka zo gidan Inna da goro, suka zauna a tabarma ana ta kame-kame, har ɗayansu ya ɗauki 'yar Zaidu ya ɗora a cinya. Inna ta karɓi gaisuwarsu. Da suka tafi ta ce da ɗanta, “Kai wanga, ya isa haka nan.” Ya ce to.

A allon makon, labarin bai wuce layi biyu ba: “Alhaji Shu'aibu ya shaida a gaban Sarkin Jirage cewa marigayi Zaidu ya nemi a rage lodi ranar da jirgi ya nutse.” Kabiru ya roƙi a bar shi ya sa murya ko sau ɗaya. Aka hana shi.

Ɗangana ya ci gaba da allonsa shekaru masu yawa, har injin hoto da kwamfuta suka kashe kasuwar tafireta. Mutane sun shaide shi da sanyin alƙalami, har ana kawo masa rigima ya rubuta don an san ba zai ƙara ba. Jirgin Alhaji kuwa an ja shi kan tudu kusa da masu gyaran taru, rana ta tsattsaga shi, awaki suna kwana a inuwarsa. Alhaji yakan bi ta gaban teburin Kabiru in za shi masallaci, ba wata hanyar. Kuma duk da “to” ɗin da Ɗangana ya ce wa Inna, bai taɓa cire jirgin daga sashen Tashin Jirage ba. Duk jajibirin kasuwa, a ƙarshen jerin, Kabiru yakan karanta: “Jirgin Alhaji Shu'aibu, Allah ya ƙara masa lafiya, yana kan tudu. Jan layi yana sama da ruwa.”